Sakatar Marfin Inji da Geron Kawu Isiyaku

Ko daga barci aka tashe ni ba zan manta da ranar da na hana jirgi tashi a Ƙanƙara ba, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna ce mini Baba Sakata a bayan idona, kuna tsammanin kunnena ya mutu. Ina ji sarai. To ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ni ne injiniya mai lasisi a wani ƙaramin kamfani mai jirgin feshi guda ɗaya tak. Ga wanda bai san aikin ba, mai lasisi shi ne ke duba jirgi kafin ya tashi, ya sa hannu cewa lafiyarsa lau. In bai sa hannu ba, ko mai kamfanin ne ya zo da kansa, jirgi ba ya motsawa. Wajen ƙarshen daminar shekarar sai jan-baki suka sauko wa yankinmu. 'Yan tsuntsaye ne ƙanana, amma in suka taso sai ka rantse hadari ne ya haɗo, gonar da suka sauka a kai kuwa an gama da ita. Aka ba mu aikin feshe makwancinsu a wata fadama da ke bayan Ruwan Godiya. Aka share mana fili a wajen Ƙanƙara, muka sauka da jirgin, ni da matuƙinmu Kyaftin Bulus.

Ni kuwa ɗan Ruwan Godiya ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanin mahaifiyata, Kawu Isiyaku, shi ya riƙe ni har na zama mutum. Gonarsa tana bakin fadamar nan, kuma geron da ke cikinta ba na kasuwa ba ne. Iri ne da ya gada daga kakanmu, mai doguwar zangarniya da farar tsaba, furarsa in ka sha sau ɗaya ka daina yabon ta wani gida. Maƙwabta duk sun daɗe da komawa irin zamani mai saurin nuna, shi kaɗai ya riƙe na gado. A shekarar ruwan farko ya yaudari mutane, shuka ta ƙone, Kawu ya sake shuka da ragowar irin da ya adana, bai bar ko cikin cokali ba. Wato abin da ke tsaye a gonar nan shi ke nan irin gidanmu a duniya.

Da tsuntsaye suka matsa, mutane suka shiga yanke geronsu da ɗanyensa, a tsira da na tuwo. Kawu ba shi da wannan damar, domin ɗanyen gero ana cinsa amma ba a shuka shi. Yara kuma ba a tura su kora da gwangwani kamar da, don 'yan bindiga sun fara leƙo dajin. Saboda haka idonsa yana kan jirginmu, yana kuma gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ɗansa Lawali ne ya zo da shi.

Feshin jan-baki dab da magariba ake yinsa, lokacin da suka koma makwanci. Tun da hantsi na fara zagayen dubawa. Injin jirgin a gaba yake, an rufe shi da marfi biyu, hagu da dama, kamar bonet ɗin mota. Abin da ke riƙe marfin shi muke kira sakata. 'Yar ƙugiya ce mai hannu: ka saƙala ta, ka danna hannun ya kwanta daidai da jikin marfi, ka ji ya ce ƙas. Ido ba ya duba ta, sai tafin hannu da kunne. Na danna sakatar gaba ta marfin hagu, ta kwanta laƙwas, babu ƙas. Na kwance ta, na goge man da ke jikinta, na ɗaga ta a rana. Ga tsaga nan a wuyan ƙugiyar, siririya kamar gashi.

Ta gaba ita ke shan iskar farfela. In ta ɓalle a sama, iska za ta shiga ƙarƙashin marfi ta ɗaga shi, ya rufe wa matuƙi gilashi, ko ya fizge ya je ya doki wutsiya. Jirgin feshi kuwa a saitin kan bishiya yake tafiya, babu sararin da mutum zai yi wata dabara. Na zazzage akwatin kayan gyara, babu irinta. Na kira ogana a Kaduna, ya ce a sito ma babu, sai an nemo daga Legas, kuma ko ta iso, direba ba ya bin hanyarmu in rana ta karkata.

Kyaftin Bulus mutum ne mai zuciya, ya ga gonakin nan daga sama, abin ya taɓa shi. Ya ce, "Injiniya, ɗaure mini ita da waya. Sawu ɗaya ne kawai."

Na ce, "Kyaftin, in ka dawo lafiya kai ne gwarzo. In ba ka dawo ba, ni zan je in tsaya gaban matarka. Ban sa hannu."

Labari ba ya kwana a ƙauye. Kashegari sai ga Kawu a bayan babur, ya ɗauko Malam Ɗanlami, maƙerin Sheme. Malam ya karɓi tsagaggiyar sakatar, ya juya ta, ya gwada tsawonta da kara, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, doka ba ta ba ni ikon sa ƙirar gida a jikin jirgi ba. Ya yi kamar da bango nake magana.

Da suka je suka dawo, Malam ya kwance wani ƙyalle ya miƙo mini. Sabuwar sakata ce a ciki. Daga sifirin mota ya ƙera ta, ya goge ta tas, in ka ajiye ta kusa da ta asali sai ka duba sosai kafin ka ware. Kyaftin ya matsa mini in gwada. Na saƙala, na danna, ta ce ƙas, har ta fi sauran ƙara. Mutanen da suka biyo su suka hau hamdala. Ni kuwa na kwance ta na mayar masa a ƙyallensa.

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce siffa daban, cikin ƙarfe daban. Wadda ake kawo mana an gwada irinta da zafi da girgiza har an san inda take gajiya, tasa kuwa ba wanda ya san yadda za ta yi in inji ya ɗau wuta yana kaɗa ta.

Malam Ɗanlami ya ɓata rai. Ya ce, "Yaro, garmar da na ƙera ma ubanka har yau tana noma."

Na ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma garma in za ta karye, a ƙasa take karyewa."

Sai Kawu ya kama hannuna ya ja ni inuwar fiffike, inda ba mai jin mu. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar. Ya ce, "Lawali, tun da na ɗauke ka, mi na taɓa roƙonka?"

Na ce, "Ba ka taɓa ba, Kawu."

Ya ce, "To yau na roƙa. Geron ga ba nawa ba ne, amana ce. Shi mai tuƙin ya ce ya yarda, kai mi naka?"

Na ce, "Kawu, ya yarda ne don ya san in da matsala ba zan bari ba. Ransa a kan sa hannuna yake."

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ya hau babur ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Na ji daga baya cewa ya bi gona yana ɗaure zangarniyoyi da tsumma ɗaya bayan ɗaya, shi da tsufansa, amma ruwa ya yi ta zuba a kansu har suka ruɓe a cikin tsumman.

Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin jiran nan su ne mafi muni a aikina. Kullum da yamma ina tsaye kusa da jirgi lafiyayye, tanki cike da magani, ina kallon baƙin tsuntsaye suna wucewa ta kaina zuwa garinmu. Da sakatar ta iso, ɗaura ta bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba. Na danna, na ji ƙas, na sa hannu, Kyaftin ya tashi. Feshi ya yi kyau ƙwarai. Dawa da maiwar mutane daga Faskari har Sabuwa suka tsira, manya suka zo fili suna ba mu hannu suna sa albarka.

Ni kuwa na zame na tafi gonar Kawu. Karan na tsaye, zangarniyoyi na tsaye, amma duk soshiya ce, babu tsaba ko ta rantsuwa. Na bi kunya-kunya ina murzawa ko zan dace da guda ɗaya da ta tsira. Ƙaiƙayi kawai ke zuba a hannuna. Na zauna a kan kunya na yi kuka, ni da gemuna.

Bayan girbi na sayi hatsi na kai masa. Ya karɓa, ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo, wannan godiyar kuwa ta fi mini zagi ciwo. Haka muka yi ta gaisawa sama-sama har damina ta zagayo. Na je gida na same shi a ƙofar zaure yana tsince irin da ya sayo a kasuwa. Bai ɗago ba ya ce, "Lawali, tsakaninka da Allah. Da ka sa ta Ɗanlami, da ta riƙe?"

Da na ce masa ba za ta riƙe ba, da ya samu sanyi, ni ma na huta. Amma ban iya yi masa ƙarya. Na ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. Mai yiwuwa ne ta riƙe."

Ya daɗe yana juya tsabar a faifai. Sannan ya ce, "To shi ke nan. Tunda rashin sani ya sa ka hana, na yafe. Da ka san za ta riƙe ka hana don takarda, da ba ni ba kai."

Har Allah ya karɓi abinsa bai ƙara yi mini zancen gero ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan ranar da ka yi daidai ba abin da ke faruwa da za ka nuna wa mutane. Jirgi ya tashi, ya sauka, kowa ya tafi gida. Asarar da hanawarka ta jawo ita ce kowa ke gani, wani lokacin ma a kan naka take faɗawa. Da za a mayar da ni filin nan, zan sake hanawa. Amma duk wanda ya ce muku tsayawa a kan ƙa'ida ba ya ciwo, bai taɓa tsayawa ba. Kyaftin Bulus yana nan da ransa, ya aurar da 'ya'yansa, har jikoki ya gani. Geron kakanmu kuwa na bi ƙauyuka ina tambaya, babu shi a rumbun kowa.