Shekarar da Baba Ya Yi wa Katangarmu Siminti

Duk shekara, kafin ruwan farko ya sauka, yayan mahaifina yakan taso daga Katuru ya zo Kaura Namoda ya yi wa katangar gidanmu yaɓe. Baffa muke ce masa. Manomi ne, ga faɗa. Zai kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya tattake ta da ƙafa, ya bi duk inda damina ta zaizaye ya cike, yana yi yana zagin ruwa, yana zagin indararo, har da mu 'yan kallo. Sati guda yake yi, gidan kuwa ya cika da dariya.

Sai Baba ya zama hedimasta, ya ga yaɓe bai dace da shi ba. Ya kira birkila aka lulluɓe lakar da siminti.

Da Baffa ya zo, ya ƙwanƙwasa katangar ya ce, "Malam, siminti ba ya riƙon laka. Ruwa na shiga ta bisa shi cinye cikin, kai kana ganin waje lahiya lau."

"Zamani ne, Yaya. Ka huta."

Baffa ya huta ɗin kuwa. Damina huɗu bai tako gidanmu ba. Na yi kewarsa ƙwarai. Baba ma ya yi, girman kai ne ya hana shi faɗa.

Rana ta tsattsaga simintin, ruwa ya bi tsagar yana aikinsa shiru. Ran nan akuyar maƙwabta ta zo sosa jiki, sai ga ta ta ɓurma cikin katanga har wuya. Simintin ya fashe kamar ɓawon ƙwai, lakar ciki duk ta narke. Mun yi dariya har da hawaye, ban da Baba.

Washegari ya hau babur sai Katuru, ya ɗauko Baffa. Ashe gwiwoyin Baffa sun gaji a shekarun nan, da sanda yake tafiya. Aka shimfiɗa masa tabarma. Hedimasta guda ya naɗe wando ya shiga laka, Baffa na daka masa tsawa: "Taka da ƙarhi! Ba allo ba ne!"

Da yamma Baba ya zauna gefensa, laka har gwiwa, ya ce, "Baɗi ka zo da wuri, Yaya, ko ba ka taɓa komi ba."

Baffa ya goge ido da hula, ya ce ƙasar ba ta kwaɓu ba tukuna.