Inuwar Hajiya Zainabu a Shagon Sitok

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Talata a watan Yuli na shekarar 2006, mako na uku da fara aikina a ofishin Kawu Sani. Na rubuta wannan ne saboda ku da za ku karɓi aikin tafinta a hutun bana. Tun da kuka zo tambayarku ɗaya ce, wai shagunan kayan da aka dawo da su sun kai a kai baƙo? Kun san ni ba gwanar magana ba ce a cikin mutane, shi ya sa na ga gara in sa a takarda.

Lokacin shekarata goma sha biyar. Babanmu yana karatu a jami'a a nan Guangzhou, ni kuma ina makarantar 'yan gari, don haka bakina ya kama Sinanci. Kawu Sani ƙanin mamarmu ne, yana da ofishin tura kaya zuwa gida. Tsarin aikin ba wuya. Baƙo zai sauka, a haɗa shi da tafinta su zaga kasuwa. Abin da ya saya a kai sito, a auna, a rubuta sunansa a jikin kwali, sannan a loda a kwantena. Da zarar an rufe kwantena, ba mai sake ganin kayan sai a Kwatano. Mata 'yan kasuwa sun fi sakewa da mace, don haka ni ake ba su.

Su kuwa kayan da aka dawo da su, 'yan kasuwa suna ce musu sitok. Kamfani ne zai yi kaya ya tura wa mai oda, shi kuma ya ce ba su yi masa ba ya maido. Sai wasu su saye su a dunƙule, su yanke tambarin kamfanin da ɗan almakashi, su zuba a shagunan da ke lungunan bayan kasuwar Shahe. Akwai araha sosai. Amma dokarsu ɗaya ce: kaya in ya ƙetare bakin ƙofa, ya ƙetare ke nan. An riga an dawo da shi sau ɗaya, ba a yi na biyu.

Baƙuwata a makon nan ita ce Hajiya Zainabu daga Maraɗi. Zuwanta na farko ke nan. Mijinta ne yake zuwa sarin kaya, ya rasu shekarar da ta gabata, ita ta ɗauki kasuwancin. Ta gama sayen kayan shagonta, saura abu ɗaya: dardumar salla guda dubu da za ta raba a masallatai da islamiyyun ƙauyukansu da azumi, sadaka ga marigayin. Wata mata a masaukinsu ta ba ta labarin wani shagon sitok da ke da su.

Kawu bai so ba. Ya ce, "Hajiya, araha fa ba ta ado."

Ta ce, "Alhaji, ni ba ado nika nema ba, lada nika nema. In a wurin ɗari biyar na samu dubu, goshi dubu ne za ya yi mai addu'a."

Kawu ya juyo gare ni. "To Nafisa, ki buɗe ido. Ki tambaye shi dalilin da ya sa aka dawo da su."

Mun isa shagon wajen ƙarfe biyu da rabi. Dogon ɗaki ne mai ƙofa biyu, ta gaba tana kallon titi, ta baya tana fita wani ɗan fili da ake shanya kwalaye. Mai shagon, wanda muke kira Lawban kamar yadda ake kiran kowane maigida a nan, gajere ne, ya naɗe singiletinsa zuwa saman ciki saboda zafi, yana riƙe da kwalbar shayi da ganye ke yawo a ciki. A kusurwa akwai wata jar kanta da ya ajiye lemo uku da turaren tsinke. Dardumar kuwa masu kyau ne, kore da shuɗi da ruwan goro, masu laushi. Kowace tana da ɗan kamfas na nuna alƙibla a wajen kai, da ƙaramin littafi a cikin leda.

Na tambaye shi dalilin dawo da su, kamar yadda aka umarce ni. Ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo!" wato babu wata matsala. Wani Balarabe ne ya yi oda, ya maido, shi kuma daga hannun wani ya saya, ba a gaya masa dalili ba. Na fassara wa Hajiya.

Ta ce, "Bar shi da bakinai, ɗiyata. Kaya su ka hwaɗin gaskiya."

Ban taɓa ganin mai duba kaya irinta ba. Ta ja bakin ɗinkin da ƙarfi. Ta kankara da farce ta ga ko gashin zai tashi. Ta jiƙa farin hankicinta ta goga ko rini zai zuba. Ta shinshina, ta ɗaga wa fitila. Ta sa aka zaro mata daga kwalin da ke can ƙasa, ta sake yin haka. Ba ta sami komai ba. Aka daidaita, Lawban ya kira mota, ma'aikatansa biyu suka fara mayar da dardumar cikin kwalaye suna liƙewa da salatif.

Ana cikin haka la'asar ta yi. Hajiya ta yi alwala da ruwan gora a filin baya, ta ɗauki koriya guda ta ce, "Bari in fara aza goshina bisa kafin in ba mutane."

Irin wannan kamfas, kowane gari da lambarsa a cikin littafin. Za ka juya dardumar har jan kan allurar ya tsaya a kan lambar garin da kake, inda kan dardumar ya kalla nan ne alƙibla. Ni na duba mata lambar Guangzhou, ni na juya dardumar. Ta kabbara. Ranar ba ni da salla, sai na zauna a kan wani kwali ina riƙe da jakarta.

Abin da na fara lura da shi shi ne inuwarta. Tana miƙe a gabanta, doguwa, har ta haye bango. Da ta yi sujada sai ta kwanta a kan inuwar kanta. Na daɗe ina kallo ban gane abin da ya dame ni ba, sai can na tuna falonmu. Kullum in Mama za ta yi la'asar sai ta ce in ja labule, domin rana tana dukan idonta. Inuwar Mama a bayanta take kwanciya, har takan taɓa ƙafar kujera. A nan Makka tana yamma da mu. Hajiya ta ba ta baya.

Ita ba yadda za a yi ta ji wani abu. Kwananta uku a gari, sallarta duk a ɗakin masauki ne da taga a rufe, inda aka nuna mata ta bi. Yanzu ga rana a ƙeyarta da la'asar kamar yadda ta saba tun tana yarinya a Maraɗi. Jikinta ya gaya mata daidai take.

Na ce ko ni na karanta lambar ba daidai ba. Na sake dubawa, daidai ne. Na zaro wata darduma daga kwalin da ba a liƙe ba, na kai ta nesa da ƙofar baya, wadda ta ƙarfe ce, kada ta ja allurar, na juya. Gabas. Na zaro ta uku. Gabas. In a nan suna sa mutum ya ba Makka baya, to a Maraɗi ma haka za su yi, mutum dubu su kalli yamma da sunan marigayi.

Ya kamata in yi magana a lokacin, ko tana cikin salla. Na kasa. Yaya zan buɗe baki in gaya wa matar da ta je Hajji sau uku cewa ta juya wa alƙibla baya, kuma ni na shimfiɗa mata? Ina jin ƙarar salatif daga ciki, kyat, kyat, kwali bayan kwali. Ta gama raka'a ta biyu. Na ji motar ta zo tana ja da baya zuwa bakin ƙofa.

Tana sallamewa na durƙusa a gefenta.

"Hajiya... rana."

"Mi ya samu rana?"

"Tana bayanki."

Ta yi dariya. "To ina za ta zama da la'asar, ɗiyata? Bisa hancina?"

"A nan, eh, Hajiya. Makka tana yamma da mu."

Ta dubi inuwarta a bango, ta waiwaya ta dubi rana. A hankali ta ce, "Wato cikin jirgi mun wuce ta."

"Mun wuce ta, Hajiya. Lambar daidai take. Allurar ce. Na gwada uku, duk haka suke."

Ta miƙe kamar ba mai ciwon gwiwa ba. "Tsai da su!"

Na leƙa ciki. Ma'aikaci ɗaya ya riga ya saɓa kwalin farko a kafaɗa, taku uku ya rage masa zuwa ƙofa. Ni da malamarmu take cewa sai ta matso kafin ta ji amsata, na kwala ihu da Sinanci na ce ya dakata. Har direban motar sai da ya leƙo.

Lawban bai ji daɗi ba. Ya ce kaya lafiyarsu lau, an duba an gani. Na yi masa bayani, na ce allurar a juye take. Ya je ƙarƙashin jar kantar nan ya ɗauko wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Kamfas ne babba a jikin faifan katako mai rubutu zagaye-zagaye, irin wanda 'yan ƙasar suke amfani da shi wajen duba inda za a kafa ƙofa ko tebur. Ya ajiye shi a gefe ɗaya na filin, dardumar a ɗaya gefen, ya je ya dawo sau biyu. Sai ya tafa hannu.

"Ga shi nan! Ja da ja, wuri ɗaya suke nunawa."

Na duba. Gaskiyarsa ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya tana kallona, ma'aikacin yana tsaye da kwali a kafaɗa. Da ƙyar na iya tambayarsa, "Lawban, jan kan naka, ina yake nunawa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi launin shinkafa. "Kudu mana."

Na buɗe ɗan littafin na nuna masa zanen shafin farko. Jan kai a wajen arewa aka zana shi, haka aka lissafa duk lambobin. Wanda ya shafa wa allurar fenti a kamfani ya bi yadda ya saba gani a irin faifan gidansu, ya shafa wa kan kudu. Lawban ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya sosa ƙeya ya fashe da dariya, ya ce wata shida kayan nan suna hannunsa ba wanda ya gaya masa. Ya yi wa ma'aikacin alama, aka sauke kwalin a cikin shago.

Ya kawo shawara, wai a riƙa bin farin kan allurar maimakon ja, shi ke nan. Na fassara.

Hajiya ta ce, "Hwaɗa mai, tsohuwa can ƙauye wa za ya zauna yi mata darasin fari da ja? A cire. Mu can gida ba mu bukatar allura ta gwada muna gabas."

Ɗinki huɗu ne kawai ke riƙe da kowane kamfas. Tun da kaya bai ƙetare ƙofa ba, Lawban ya yarda ma'aikatansa su buɗe kwalayen su cire, da almakashin nan da suke yanke tambari. Na kira Kawu na gaya masa abin da ya faru, kuma an sallami mota sai gobe. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ke kika gani?" Na ce eh. Ya ce, "Madalla," ya kashe waya. Wanda ya san Kawu ya san wannan dogon jawabi ne.

Hajiya ta juya dardumarta ta sake la'asar, rana tana dukan fuskarta, inuwarta kwance a baya. Da ta idar tana murza ido ta ce, "Shekara hamsin da biyar, yau na fara la'asar ni da rana muna kallon juna. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Amma gobe in kin ga haka, ja min zane ko ina cikin ruku'u."

Washegari da azahar aka kai kayan sito. Bayan sallar azumi ta kira Kawu, ya miƙo mini wayar. Ta ce an raba duka, ba wadda ta zuba ko ta yage. Sai dai kowace tana da ɗan zagayen tabo a wajen kai, mata suna ta tambayarta na mene ne. Ta ce takan gaya musu in sun gan shi, su sa wata Nafisa a addu'a tare da marigayin.

To ga amsar tambayarku. Ku kai baƙi shagunan sitok, akwai kaya nagari a ciki, kuma yawancin masu shagunan ba mugaye ba ne, su ma ba su san dalilin ba. Amma kowane kaya da dalilin dawowarsa, kuma ba kullum yake a ɗinki ko rini ba. Ku sa a yi amfani da abin yadda aka yi shi domin a yi, tun yana cikin shago. In kun ga abin da bai yi muku ba, ku faɗa nan take. Ni na bari raka'a huɗu suka wuce, taku uku ya rage.

Kamfas ɗaya yana cikin akwatin fensirina har yau. Duk wadda take so ta zo ta gani. Jan kansa yana nan yana nuna kudu.