Shanun Kwali a Talabijin ɗin Baba

Ranar kasuwar Batsari ce, bayan an gama yankan dawa, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Da sassafe ni na ja Kure da Ɗan Fari, shanun nomanmu, tun daga ƙauyenmu da ke tsakanin Batsari da Runka har cikin kara inda ake cinikin shanu, Baba na biye da sanda. Ban san sayar da su za a yi ba sai da na ga wani dillali ya buɗe bakin Kure yana duba haƙora. Kafin azahar an kora su cikin garken da za a loda zuwa Kudu. Baba ya miƙo mani igiyoyinsu, ya ce in yi gaba, yana da saƙo cikin gari. Na kamo hanya da igiya biyu a kafaɗa, ina tafe ina share hanci da bayan hannu. Da la'asar sakaliya sai ga a-kori-kura ta tsaya ƙofar gidanmu, Baba a gaba kusa da direba, hula a karkace, baki har kunne. Ƙarti suka sauko da wani ƙaton kwali, aka farke shi a tsakar gida, sai ga talabijin mai ƙafafu, da ƙofofin katako da ake ja kamar na kabad. Garin kaf ya cika gidanmu. Ni kuwa na wuce turke na zauna, wurin yana ta warin fitsarin shanun da babu su.

Kada wani ya ɗauka Baba mahaukaci ne, ko kuma shi kaɗai abin ya kama. Lokacin kuɗin fetur ne, kuma iskar ta kaɗo har ƙauyenmu. Duk wanda ya je aikin gini Kaduna ko Kano sai ya dawo da rediyo rataye a kafaɗa da agogon da bai iya karantawa ba. Mata suka raina akushi da ƙwarya, sai kwano mai fure. Man gyaɗarmu da ake matsewa a gida ya zama na matsiyata, sai na gwangwani, har shinkafa sai ta jirgin ruwa. Ana cikin haka wasu ma'aikata suka zo suka kakkafa turakun lantarki tun daga bakin titi har gindin tsamiyar da dattawa ke zama, suka ce waya na nan tafe kafin damina. To, daga nan aka shiga tsere. Kawu Ɗanlami, maƙwabcinmu kuma abokin Baba tun suna kiwon awaki, ya sayo fanka mai tsaye. Wani ya sayo dutsen guga. Mai unguwa ya sayo firji, matarshi ta riƙa ajiye daddawa da barkono a ciki saboda kaji. Baba mutum ne da bai son a sha gabanshi, ga shi da baki, duk inda aka zauna shi ke ba mutane dariya. Ya ce tunda kowa ya sayi abin jin daɗin kanshi, shi zai sayi abin da gari zai taru a kai. Da Inna ta tambaye shi da me za a yi huɗa bana, sai ya ce, "Ke dai ba ki jin rediyo. Tarakta gwamnati za ta kawo, wa ke bin bayan sa yanzu?"

Aka ajiye akwatin a ɗakin Baba, Inna ta saƙa mashi mayafi mai geza. Kowace Juma'a aikina ne in yaye mayafin in goge gilashin da tsumma, ni da ƙanwata Hanne mu tsaya muna kallon fuskokinmu a cikin baƙin gilashin, goshi ya kumbura, haɓa ta tsuke. Wani lokaci idan ni kaɗai ne a ɗakin sai tsoro ya kama ni, in ga kamar akwai wani zaune can ciki yana jiran a kunna shi. Damina ta zo, waya ba ta zo ba, tarakta ma haka. Muka koma galma da hauya, ni da Baba, muna huɗar da a da shanu ke gamawa kafin hantsi. Idan na taso daga makaranta ko allon fensir ban ajiyewa da kyau, sai gona. Wata daminar ta sake zuwa ta wuce. Turakun nan suna tsaye tsirara, mata suka fara ɗaure awaki a gindinsu, mu kuma muka mai da su sha idan muna langa.

Sai rediyo ta canza magana. Yau a ce fetur ya faɗi, gobe a ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓace, sukari ya ɓace, madarar gwangwani sai an bi layi a Katsina an sha bulala. 'Yan ci-rani suka riƙa dawowa da jaka a hamata, ba rediyo ba agogo. Ruwa kuma ya yi gardama, geronmu bai kai mu ko bazara ba. Ranar da Inna ta kakkaɓe gindin rumbu, Baba ya ɗora akwatin a mota ya tafi Katsina sayarwa, da niyyar ya sayo ko ɗan maraƙi ne. Can mai gyara ya kwance bayan akwatin, ashe ɓeraye sun daɗe da tarewa a ciki, sun cinye wayoyi, har sun haihu. Ya cire gilashin da 'yan ƙarafa, ya ba Baba abin da bai wuce kuɗin mota ba. Baba ya kasa barin gangar katakon a can, ya dawo da ita, ya saukar a gindin tsamiya a gaban dattawa. Kawu Ɗanlami ya leƙa ta gaba, ya hango mutane ta baya, ya ce, "Mamman, ai yanzu ne ma ya fi nuna hoto." Aka fashe da dariya. Wasa ne irin wanda suka saba, Baba ya yi wa wasu wanda ya fi shi zafi. Amma ranar bai rama ba. Ya ɗauki akwatin a kai, ya shigo gida, ya jefar da shi a turke.

Daga ranar Baba ya daina fita cikin mutane. Gona tun duhun asuba ta bayan gari, masallaci sahun ƙarshe, ana sallama ya sulale. Taron suna ko na biki sai dai Inna ta ba da uzuri. Kawu ya yi sallama har ya gaji, kullum a ce mashi yana barci. Mutumin da ake jin muryarshi daga ƙofar gari ya koma zama a bakin ɗaki yana tufkar igiyar da babu abin da za a ɗaure da ita. Ya rame, wuyanshi ya yi tsawo. Na taɓa jin Inna tana gaya wa yayarta cewa ba yunwar ke ba ta tsoro ba, shirun nan ne zai kashe mata miji. Ni ma tsoron da nake ji ke nan, gidanmu ya zama kamar gidan da aka yi rasuwa ba a faɗa ba.

A lokacin yara na yayin majigin kwali. Mun taɓa ganin motar majigi ta gwamnati ta nuna wasu zanannun mutane masu motsi a bangon makaranta, shi ne kowa ke kwaikwayo. Ni na fi kowa sa'a, don ina da akwati na gaske yashe a turke. Na samo takardar buhun siminti, na shafe ta da man gyaɗa har haske na ratsa ta, na liƙe a gurbin gilashin. Na yanka mutane da kwalin sabulu, na ɗaura su a kan sillen kara, Hanne na riƙe fitilar ƙwai daga baya. Tauraronmu shi ne Alhaji Kwashe, mai tumbi da doguwar hula, wanda in ya shiga kasuwa sai ya kwashe komai. Ya sayi agogo ya ɗaura a hannu biyu da ƙafa ɗaya, ya saya wa jakinshi takalma, ya sayi fanka ya sa matarshi tana juya ta da muciya. Sai wani dogo siriri mai suna Tsuke ya ɓullo da almakashi, ya riƙa bin Alhaji yana rage mashi babbar riga, har ta koma 'yar shara, har ta koma bante. Da la'asar muke yi a zaure, mu sauke asabari ya yi duhu, yara su biya da ƙwayar gyaɗa ko aya.

Wata rana muna gwaji ni da Hanne, sai na ji mutum tsaye a kaina. Baba ne. Na so in ɓoye Alhajin, don ko makaho ya shafa hular nan ya san ta wa ce. Ya daɗe yana kallon inuwar Alhaji Kwashe a jikin takarda. Can ya ce, "Ba haka yake tafiya ba. Mai sabon kuɗi ba ya sauri." Ya tsuguna, ya karɓi karan daga hannuna, ya sa Alhaji ya riƙa taku ɗai-ɗai yana waige ko ana kallonshi. Hanne ta tuntsire da dariya har fitila na rawa. Kwana biyu muna abu ɗaya, ya ƙara mai firjin daddawa, ya ƙara mai guga da ke ɗora dutsen a rana ya yi zafi. Ya ce kuma labarin bai cika ba, in yanka shanu biyu, tunda Alhaji sai ya sayar da wani abu kafin ya kwashe. Na yanka su da hannuna, ɗaya na karya mashi ƙaho kamar yadda na Kure yake. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya ce wa Hanne, "Je ki gindin tsamiya, ki ce Mamman na gaishe su, talabijin ɗinshi ya kama."

Suka zo kuwa, har mai unguwa. Zaure ya cika, mata suka taru ta ƙofar cikin gida. Ni da Baba muna tsugune a bayan akwatin, shi ke riƙe da Alhaji yana yi mashi murya, ni ke shigo da sauran. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Da aka zo wurin fanka da muciya, Kawu Ɗanlami ya riƙe ciki yana cewa Allah ya isa tsakaninshi da Mamman. Kowa ya ga kanshi, kowa ya nuna ɗan'uwanshi da yatsa. Ina kallon gefen fuskar Baba a hasken fitila, gumi na zuba, ido na ƙyalli, ya dawo mutumin da na sani.

Sai aka zo wurin shanu. Yadda muka shirya, dillali zai ja su su fice ta gefen takardar, Alhaji ya yi rawa da akwati a kai. Na shigo da su, na fara tafiyar da su a hankali. Inuwarsu ta fito tsaf, da tozo da karyayyen ƙahon. Alhaji bai yi rawa ba, ya tsaya cak. Sun kusa ficewa sai na ji Baba ya bar muryar wasa, ya yi magana da tashi ta gona, ƙasa-ƙasa, irin yadda yake gaya masu idan sun kai ƙarshen kunya za su juyo: "Kwana, Kure. Kwana, Ɗan Fari."  Kowa a wurin manomi ne, kowa ya san wannan kira. Ya sake faɗa. Ban san abin da zan yi ba, don wannan ba ya cikin labarin. Sai kawai na murza karan, shanun suka juyo, suka tako har gaban Alhaji suka tsaya. Baba ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinshi. Can Hanne ta gaji ta sauke fitila, hoton ya ɓace.

Kawu Ɗanlami ne ya zagayo bayan akwatin, ya kama hannun Baba ya tashe shi, suka fita tare. Tun daga ranar Baba ya koma gindin tsamiya. Sunan Alhaji Kwashe ya bi shi, yana amsawa, har yana ƙara wa labarin gishiri. Amma bai sake mallakar sa ba har ya koma ga Allah. Da galma ya ƙare, bayanshi ya lanƙwashe tun bai tsufa ba. Bai kuma sake tsugunawa bayan akwatin ba, ni ma na bar wasan, daga baya gara ta cinye katakon.

Yanzu ina zaune a Katsina, gidan haya mai wuta, jikokina na kwance kan tabarma suna kallon zanannun mutane a waya suna ƙyalƙyala dariya. Ƙauyenmu ba ya shiguwa sai da rana tsaka, a kan babur, gaba na faɗuwa. 'Yan bindiga sun kore shanun da suka rage, mutane sun watse, gonar da muka yi wa huɗa da hannu ta zama daji. Waɗanda suka yi dariya a zauren nan kusan duk sun rasu. Wani lokaci ina tsakiyar alwala sai in ji muryar nan ƙasa-ƙasa a bayan kunnena tana kiran shanu su juyo, in tsaya da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye. Na yi aiki, na sami abin da zan iya saya mashi shanu na gaske, amma lokacin ya riga ya tafi. Na kwali kaɗai na iya dawo mashi da su.