Katin Baftismar da Gara ta Cinye

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni jami'in ajiye fayil ne a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja, kuma na yi imani cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ban taɓa karɓar na goro ba, ban taɓa sauya kwanan wata a takarda don kowa ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da kima. Saboda wannan hali ne Rabaran na cocinmu na Angilikan, a wajajen Gudu, ya danƙa mini ajin tabbatarwa na sashen Hausa. Aikina in koyar da tushen bangaskiya kowace Asabar, in riƙe rajista, in miƙa sunayen waɗanda Bishop zai ɗora wa hannu idan ya zo, sau ɗaya a shekara. A wurinmu sai an tabbatar da mutum yake soma karɓar Jibin Ubangiji.

A cikin matasan ajin akwai wata dattijuwa mai sayar da doya a kasuwar Gudu, kowa Mama yake ce mata. Ba ta iya karatu ba, amma abin da na faɗa sau biyu ya zauna a kanta, har takan gyara wa 'yan sakandare Dokoki Goma. Ita ta raɗa mini Oga Takarda, kuma ita kaɗai na ƙyale ta kira ni haka. Ta taɓa gaya mini cewa shekara da shekaru tana janye ƙafafunta a benci don mata su wuce zuwa teburin Ubangiji, kuma tana so ta bi su kafin ƙasa ta rufe idonta.

Da lokacin tattara suna ya yi, na buƙaci kowa ya kawo katin baftismarsa. Mama ta ce an yi mata baftisma tana budurwa a wani rafi a ƙauyensu, bayan Bwari, amma gara ta cinye katin a akwati tare da zanen aurenta. Na rubuta wa cocin ƙauyen wasiƙa, aka amsa cewa tsohon littafin ya lalace a daminar da ginin ƙasa ya rushe. Sai na ce mata babu shaida, ta koma ajin masu shirin baftisma. Ta yi dariya, ta tambaye ni ko ba ni ne na koya musu a makon da ya wuce cewa baftisma sau ɗaya ake yin ta ba. Ta ce ba za ta tsaya gaban Allah ta nuna kamar bai taɓa wanke ta ba, don kawai gara ta ji yunwa. Raina ya ɓaci da yara suka yi dariya. Na ɗauki rula da jan biro na ja wa sunanta layi, ban kai maganar gaban Rabaran ba, domin a ganina ƙa'ida ba ta buƙatar shawara.

Ashe ta riga ta ɗinka farar rigar da ake sa wa ranar tabbatarwa. Ta saka ta ranar da Bishop ya zo, ta zauna a baya, ta yi wa yaran guɗa ɗaya bayan ɗaya. Asabar ta gaba na same ta a kujerar gaba kamar kullum. Shekara ta biyu ma na tsallake sunanta. A kakar nan ta aiko mini da doya, na mayar, ina faɗa cewa ba a saye na. Sai ta kai wa uwargidana ta ƙofar baya, ta ce a gaya wa Oga Takarda doyar ma ba ta da kati, amma ta san zai ci. Na ci kuwa, ban san ta wace ce ba sai da na suɗe kwanon.

Da lokacin ritayata ya zo, aka nemi takardar ɗaukata aiki ta farko a fayil aka rasa. Jami'ar da ke kan teburin, wadda ni na horar da ita, ta faɗa mini cikin ladabi cewa abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. Shekara talatin da biyar ina shiga ginin nan, ga ni a tsaye, ana neman takarda ta shaida cewa na taɓa zuwa. Na yi makonni ina hawa da sauka cikin fushi, har tsofaffin abokan aikina biyu suka sa hannu cewa tare aka ɗauke mu. A Lahadin makon na ɗaga kai lokacin Jibi, na ga Mama tana janye ƙafafunta. Ban iya tashi na je teburin ba.

Na je wurin Rabaran na faɗi abin da na yi. Ya ce shaidu biyu sun isa tun farko, ya tambaye ni me ya hana ni zuwa shekara biyu da suka wuce. Na ɗauki Mama a motata muka tafi ƙauyen, tana tsokanata duk hanya cewa in bi a hankali kada takardun cikin kaina su zube. Muka sami tsohuwar da ta tsaya mata ranar baftisma, da tsohon katikis, wato malamin cocin, wanda ido ya soma gaza masa. Yana jin muryarta ya tuna cewa ita ce ta zame a rafin ta jawo faston cikin ruwa. Na rubuta shaidarsu, suka dangwala yatsa.

A shekara ta uku sai da aka rage farar rigar, domin Mama ta rame. Gwiwarta ta ƙi durƙusawa, Bishop ya taso ya same ta a kujera. Na duba lissafina: sau goma sha ɗaya ta karɓi Jibi kafin ta kwanta ciwon ajali. Da na je gaishe ta na roƙi gafara, ta ce in bar maganar, tun ranar doya ta yafe. Ta ciro sabon katinta daga ƙarƙashin matashi ta ba ni, ta ce in riƙe mata tunda ni ne mai tsoron gara.

Har yanzu ina koyar da ajin, kuma ina riƙe rajista da tsabta, domin tsari ba laifi ba ne. Amma ina kira ga duk wanda aka ba shi biro a gidan Allah, malamin aji ko sakataren ikilisiya: idan takarda ta ɓace, ka nemi mutanen da suka gani, ka tambayi na gaba da kai kafin ka ja layi. Shekaruna na aiki ni an maido mini da su cikin makonni. Shekara biyun Mama kuwa, babu ofishin da zan je in karɓo mata.