Labarin da Anti Tafireta Ta Buga

Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga takardu a makarantar sakandaren unguwarsu, a wani ɗan ofis mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Tuni aka ba ta kwamfuta, amma sunan Anti Tafireta ya bi ta. Malamai kan tsokane ta cewa ko takardar korarta aka miƙa mata, sai ta gyara waƙafi kafin ta yi kuka. A da takan yi dariya. Ta daina tun ranar da mota ta kaɗe babban ɗanta a hanyar wurin aiki, ya rasu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gidan ya rage daga ita sai 'yarta Auta. Ta sa wa ɗakin yaron kwaɗo, ba ta ƙara ambatar sunansa ba.

Shekara uku bayan haka, makarantar ta ƙulla zumunci da wata makaranta a ƙetare, inda jikokin waɗanda suka yi ƙaura tuntuni suke karatu. Aka ce ɗaliban nan da na can kowa ya rubuta labarin gidansu, a haɗa littafi ɗaya a ga abin da ya haɗa su. Malamin adabi ya kawo mata guda arba'in ta buga.

Da ta zo kan na sha bakwai, tun kafin ta duba suna ta gane rubutun Auta, wadda ke ajin ƙarshe.

"Har yau mamata abincin mutum uku take dafawa," in ji labarin. "Ba ta kallon fuskata don ina kama da Yaya. Idan na yi magana, bango take amsa wa. Wani lokaci nakan ce da ni motar ta ɗauka, da ta huta."

Ta karanta sau biyu, ta goge tabarau, ta buga shi tsaf.

Da rana malamin ya leƙo yana sosa ƙeya. "Anti, ban lura ba sai yanzu. In kina so a cire..."

"Malam, aikina bugawa ne. Kuskure biyu ta yi, na gyara."

A gida Auta ta tsaya a ƙofar kicin. "Mama, kin buga na ajinmu?"

"Na buga."

"Har da nawa?"

"Ki ci abincinki kada ya huce."

Da littafin ya fito, wasiƙu sha ɗaya suka zo wa Auta daga can. Wata yarinya ta rubuto cewa babanta ma haka yake tun mutuwar ƙanwarta. Auta ta bar wasiƙun a buɗe a kan teburin falo har mako biyu. Kullum uwar sai ta ɗaga su, ta goge teburin, ta mayar.

Auta ta sami makarantar jinya guda biyu, ta zaɓi mafi nisa. A tasha uwar ta riƙe mata hannu da ƙarfi, ta buɗe baki, direba yana ta danna hon. Abin da ya fito kawai, "Ki kula da jakarki."

Bara ciwon ido ya sa ta ajiye aiki. Auta takan kira ta a ƙarshen mako. Sukan yi maganar maganin ɗigawa da tsadar mota, daga nan sai ɗaya ta ce, "To, sai an jima."