Ranar da Na Kwashe Kayan Ɗakina a Malaz

Shekarar da maigidana ya sake sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Riyad, bai ko shawarce ni ba, sai na huce a kan kayan ɗaki. Ni Kano nake so mu koma, shi kuwa ko a jikinsa. Zama a gidanmu na unguwar Malaz ya gagare ni. In share falo, in shiga kicin, in fito in sake sharewa.

A unguwar Badi'a, gidan kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, na ga wani salo, wai na Turawan ƙasashen ƙanƙara ne: bango fari fat, teburin katako marar fenti, doguwar kujera ruwan toka, shuka guda a tukunya, sauran duk fili. Na ce ƙila in gidana ya zama haka hankalina ya kwanta. Na naɗe kafet, na sauke labulaye masu ado, na kwashe kwanukan jerena daga kabad, na sa aka yi wa bango farin fenti. Dillalin gwanjo ya zo ya loda. Maigida ya shigo ya ce, "Ikon Allah! Asibiti muka koma?" Ban ko kalle shi ba.

Na manta cewa mutanenmu a Riyad ba sa fitar da kaya haka sai za su yi huruji, wato komawa gida gaba ɗaya. Kafin fenti ya bushe labari ya zaga. Har wata ta bugo tana tayin firjina.

Sai ga wata tsohuwa 'yar Maraɗi, mai sayar da kayan miya a kasuwar Utaiƙa, ta hawo bene tana haki, ɗauke da ƙulli: dabino da ƙananan jallabiyoyi na jikokin da ba ta taɓa gani ba. Ta duba inda za ta zauna a ƙasa, ko tabarma babu, ta tsaya a tsaye.

"Ɗiyata, na ji za ku gida. Kano da Maraɗi ba nisa, ki taimaka ki kai mini."

"Inna, ado ne fa. Shi ake yayi."

"Ado? To, ina adon?" Ta sake waige-waige. "Amma dai akwai tafiyar, ko?"

Kunya ta kama ni. "Babu tafiya, Inna," na ce, karo na farko da na faɗa da bakina.

Ta sunkuya ta ɗauki ƙullinta. Ni na riƙe mata shi har bakin titi ina kuka, ita kuma tana ba ni haƙuri.