Tayil Daga Ƙasa Zuwa Ƙugu

Shekarar da Baba ya rasu na ɗauko Mama daga ƙauyenmu a Filato, ta dawo wurina a birni, a unguwar Narayi. Ba da son ranta ta zo ba. Kullum maganarta ɗaya ce, ita baƙuwa ce, da an yi girbi za ta koma. Ni kuwa na san hawan jininta, na kuma san babu kowa a can gidan sai ƙadangaru.

A lokacin ina gyaran kicin. Na ga wani hoto a waya, an liƙa ƙananan tayil farare, jere kamar bulo, a bangon da ke saman kantar girki, wato dakalin da ake ɗora murhun gas a kai. Na ƙwallafa rai a kansu. Na yi ta sintiri shagon wani ɗan kabilar Ibo a Kakuri, har ya daina miƙewa in ya hango ni. A nan na san ashe tayil ma dangi-dangi ne, akwai mai sheƙi, akwai mai kaushi, ga wani siriri da ake kewaye baki da shi, wai shi boda. Ni da son tambaya, ban bar shi ya huta ba sai da ya faɗa mini dalilin kowanne. Da aka gama aikin na kira Mama ta gani. Ta ce ya yi kyau, kamar asibiti.

Ranar da ta ce za ta yi mana tuwon acca, na laɓe a bakin ƙofa in ga yadda za ta yi da sabon wurin. Ta dubi kantar girkin, ta dubi murhun da ke kai, sai ta jawo ƙaramar tukunyar gas ta kai lungu, ta zauna kan kujera 'yar tsugunno. A cewarta ba a tuƙa tuwo a tsaye, sai mai son ya kwana da gudaji. Tuwo na tsalle, manja na fantsama, duk a kan fentin bango can ƙasa. Tayil ɗina na sama fes, ko ɗigo bai same su ba. Dariya ta kama ni, na shiga tunanin ko masu kicin ɗin cikin hoton sun taɓa riƙe muciya.

Ita ba ta yi dariya ba. Washegari na tarar da ita tana dirzar bangon da soso har fentin ya ɗaye. Daga ranar ta daina shiga kicin, wai kada ta ɓata mini gida, ta kuma fara tambayar kuɗin mota zuwa Jos. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Matar da ta ciyar da gida guda ta koma zaman jiran a miƙo mata kwano.

Da ƙyar na lallaɓa ta muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Kakuri. Ashe ta ƙullo manja a leda. Duk tayil ɗin da mai shago ya miƙo sai ta shafa masa, ta goge da bakin zani, ta ɗaga shi wajen haske. Ƙananan ta ture su gefe, ta ce layi ya yi musu yawa, a nan datti zai samu wurin kwana. Ta zaɓi manya, koraye shar da furanni, ta haɗa da boda ruwan ƙasa. Ko kusa ba su dace da fararen nawa ba. Mai shagon ya kalle ni, ni kuma na kalli rufin shago.

Da mai liƙa tayil ya zo, ta hana shi awo sai da ta zauna kan kujerarta, ta miƙa muciya ta taɓa bango. Ya ja layi da fensir a wurin. Daga ƙasa zuwa ƙugu aka liƙa su, a lungun kaɗai. Har yau baƙi na tsayawa su tambaye ni ko farare ne suka ƙare mini.

Wata safiya ina sauri zan tafi aiki, na dire buhun doya a lungun. Ban kai ƙofa ba na ji muryarta a bayana.

"Ke, zo ki kwashe kayanki. Ba a yi mini ajiya a kicin ɗina."